Santimita Bakwai

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zanen matakala
a ofishin Don Evaristo Quilodrán,
can saman tudun Valparaíso,
inda gidaje ke dafa kafaɗar juna don kada su zame cikin teku.
Matakala, banɗaki, magudanar ruwa:
rabona ke nan.
Ranar buɗe gini, a yanka ƙyalle, a tafa,
ni ina baya, riƙe da rigar sanyinsa,
ina bin allon tagulla da ido
ko sunana ya maƙale a wata kusurwa.

Yakan ce, "Ximena, haƙuri ne simintin wannan sana'a."
Ban taɓa ce masa
siminti ma in ya daɗe a buhu dutse yake zama ba.

Daren da ƙasa ta girgiza
bangonsa mai ado ya tsage kamar ƙwai,
matakalata ta tsaya,
mutum arba'in suka sauka a kanta babu takalmi.
Washegari na tattara fensirorina.

Na buɗe nawa ofishin a Cerro Alegre.
Ƙofarsa ni na zana, da katakon tsohon jirgin ruwa,
siririya, doguwa,
har mujalla ta buga hotonta.
Na rantse ba zan zama shi ba.
Na ɗauki mata, na ɗauki 'ya'yan masunta,
ina jin kaina kamar inuwar da ba ta ƙyamar kowa.

Sai Nahuel Huenchullán.
Ta waya muka yi magana, zanensa na gani, ban ga ƙafarsa ba.
Litinin, ana yayyafi, saƙo ya shigo:
"Na iso. Ina waje."
Na leƙa.
Ga shi a keken guragu, jaka a cinya,
ya ciro awo daga aljihu, ya riga ya auna ƙofata.
"Saura santimita bakwai," in ji shi.
Babu fushi a muryarsa. Da ma ya yi fushin.

An ce mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo.
Ƙarya ne wani lokacin.
Wanda aka bari a waje, shi ya san faɗin ƙofa.

A kan titi muka yi taron farko, ƙarƙashin lema biyu,
mai sayar da kifi yana ratsa mu.
Laraba na kira Aurelio magini.
Ya dubi ƙofar, ya dube ni,
ya miƙo mini gudumar:
"Ke kika haife ta."
Bugu na farko a haƙarƙarina na ji shi.

Kada ku ɗauka na warke daga nan.
Watan jiya Ignacia ta kawo zanen asibiti,
kafin ta buɗe baki jan birona ya hau takardar.
Na ga idonta ya koma kan takalminta,
daidai inda nawa yake komawa a da.
Laifi tudu ne, kuma garinmu duk tudu ne.
Na rufe biron.
Na ce, "Faɗa mini me ya sa kika sa tagar a nan."
Ashe don maras lafiya ya ga teku daga kwance.
Ni a tsaye nake zane tun ina yarinya.

Yanzu gashina ya yi fari.
Masu tasowa na tambaya ta yaya ake hawa.
Ni da na ƙare ƙuruciyata a kan matakala
ban da amsa mai daɗin ji.
Ginshiƙi ba ya fitowa a hoto,
kaya kawai yake ɗauka, ya yi shiru.

Allon asibitin na wurin maƙeri.
Ya bugo waya yana mita:
sunaye goma sha tara, tagullar ba za ta isa ba.
Na ce ya ƙara faɗinta.
Ya ce da nawa?
Na ce jira, in tambayi Nahuel.